Baba Mai Alli, Wanda Ya Ɗaure Hannunsa Saboda Jakar Yayana

Kafin in buɗe shagona da safe, Baba Mai Alli ya riga ya share gaban rumfarsa ya yayyafa ruwa. Ni zare nake sayarwa da maɓallai da zif, shi kuma rumfarsa tana tsallaken titi, manne da ta Mai Faci, a bakin hanyar da ta fita daga gari. Na daɗe ina kallonsa daga kan kujerata har na haddace yadda yake fara yininsa. Zai rataye maɗaurai a jikin ƙusoshi, dogaye gefe guda, gajeru gefe guda. Zai zazzage gwangwanin da yake tara guntayen tsofaffin silifa, ya ware waɗanda suka mutu. Zai ɗiga wa tsohon keken ɗinkinsa mai, ya ɗan taka shi ya saurari muryarsa. Daga nan sai ya ciro alli daga aljihu ya saƙale a bayan kunne. In allin nan ya hau kunne, to an buɗe aiki.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Yanar ido ta ci ƙarfinsa, 'yarsa kuma ta ce ta gaji da zullumin yadda yake tsallaka titi, za ta ɗauke shi ya koma wurinta. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun yana kusa, tun ana iya karanta masa ya ce na cika surutu.

Sana'ar Baba ba ta da suna. Ba ya gyaran keke, wannan aikin Mai Faci ne. Ba tela ba ne kuma, ko da yake yana ɗinka tampol ɗinki mai kyau. Abin da yake yi shi ne ɗaure jaka a kan keke, can gaba a jikin ƙarfen da mahayi yake riƙewa, ta zauna daram har a je a dawo. Masu zuwa wurinsa su ne mutanen nan da ke ɗaukar bargo da ɗan tanti da kayan sawa su hau keke su nausa, su yi kwana da kwanaki a hanya suna kwana inda rana ta faɗi musu. Akwai ɗalibai, akwai ma'aikata masu hutu, akwai tsofaffin da ƙafarsu ta ƙi zama. Ni dai har yau ban gane daɗin da ke cikin wannan wahala ba, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wanda bai sani ba zai ce ɗaure jaka har wani aiki ne? A samo roba a nannaɗe a ja a ƙulle. Haka da yawa suke yi, kuma haka ake dawo da su. Jakar gaba tana rataye ne a saman taya, tsakaninsu bai fi faɗin tafin hannu ba. In ɗaurin ya saki, gargada za ta riƙa sauko da ita har ta fara gogar taya. In an yi sa'a, bargo ne kawai zai huje. In ba a yi ba, a tsakiyar gangare za ta cije tayar, mahayi ya tashi ta saman keke ya sauka da fuska. Ga kuma wayoyin birki da ke bi ta wurin, waɗanda in jaka ta danne su za ka matsa ka ji shiru.

Baba yakan fara da guntayen silifa, ya jera su tsakanin ƙarfe da jaka don yatsu su sami wurin riƙo, wayoyi su sami wurin wucewa. Sai maɗauri biyu a jikin ƙarfen, dama da hagu. Sai na uku, wanda yake ja da jakar zuwa wuyan keke. Yakan ce biyun farko riƙe kaya suke yi, na ukun ne yake hana shi rawa. Duk wannan yana yinsa ne a tsaye a gaban keken, taya a tsakanin gwiwoyinsa, yana fuskantar mai keken suna hira. In ya gama ba ya cewa ka tafi. Allin nan zai sauko daga kunne, ya goga shi a jikin tayar gaba har ta zagayo fara fat. Sannan ya nuna maka lungun da ke bayan rumfa, wani lungu mai ramuka da duwatsu da ya gangara zuwa kwari, ya ce ka sauka da gudu, ka taka birki a ƙasa, ka dawo. In ka dawo zai durƙusa ya leƙa ƙasan jakar. In akwai fari ko da ɗigo ne, jaka ta taɓa taya, sai a kwance a sake.

Ba a roƙonsa a kan wannan. Mai Faci yana yawan ba da labarin wasu abokai da suka zo da sassafe suna sauri, aka gama da kowa sai mutum ɗaya, jakarsa ta dinga fitowa da fari. Abokan suna ta kaɗa ƙararrawa a bakin titi, shi kuma yana ta magiya, yana cewa ɗan fari kaɗan ne, zai lallaɓa. Baba bai ko ɗaga kai ba, ya ce masa, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Da jiya ka zo, da yanzu kana gaba." Ya kwance jakar, ya fitar da tukunya da gwangwanayen da mutumin ya cusa a ciki, ya mai da su tsakiyar keke, ya bar bargo da tufafi kawai a gaba. Sai da alli ya yarda ya sake shi. Na kuma ga wata malamar asibiti da ke zagaya ƙauyuka a kan keke ta zo da kuka, jakarta ta yanke a hanya, ya zaunar da ita ya ɗinke ya ɗaure, ya kuma sa ta kwance ta ɗaura da kanta har hannunta ya faɗa. Irin waɗannan suna da yawa, kowa a layin nan yana da nasa. Nawa na yayana ne.

Yayana kafinta ne, dogo har ana kiransa Dogo, kuma tun muna yara ba shi da magana sai ta keke. Da ya sami hutu zai tsallaka wurin Baba a ɗaure masa jaka, ya ɓace, ya dawo ya yi baƙi ya rame yana dariya. Bara injin yankan katako ya cire masa hannun dama daga wuyan hannu. Ciwon ya warke a kan lokaci, amma mutumin da aka sallamo daga asibiti ba shi ne wanda muka sani ba. Ya shige ɗaki ya ja labule. Keken ya zauna a bayan ƙofa tayoyi a sace, Inna tana shanya tsumma a kai.

Ni kuma na yi abin da na iya. Na kwashe kayansa kaf na kai shago, na cire maɓallan riguna na sa zif, na zare mazagin wanduna na sa roba, na sayo masa takalma marasa igiya. Na kawo masa ina jin na yi abin kirki. Ya juya rigar ya duba, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Kin cire min duk wani abu da ake ɗaurewa." Ya faɗa a hankali, ba da faɗa ba, ya ajiye ta a gefen gado.

Mai Faci ne ya fara fasa wannan zaman. Wata rana ya shigo gida ya gai da Inna, ya tura keken ya fita ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ya mai da birkin duka biyu ɓangaren hagu, ya ɗinka wani ɗan kofi na fata a dama inda dungun hannun Yaya zai zauna. Yaya ya fara da zagaya unguwa da yamma, muka yi murna. Murnar ba ta daɗe ba, don bai jima ba ya ce zai yi tafiya, shi kaɗai, zuwa wani tafki a bayan duwatsu inda ya saba zuwa. Inna ta sa kuka. Ni ban yi kuka ba, mayafina na ɗauka na tsallaka titi.

Na ce, "Baba, Yaya zai zo maka da maganar jaka. Don Allah ka ce masa ba za ta yiwu ba. Daga bakinka zai ji."

Ya ce, "To in ce masa me ya hana?"

Na ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Baba."

Ya ce, "Ai ba jinka ya ce zai ɗauka ba, 'yar nan, bargo ne da tanti." Mai Faci ya tuntsire da dariya, na harare shi ya koma kan facinsa. Sai Baba ya gyara zama ya ce, "Saurara. Ba zan ce wa babban mutum kada ya tafi ba. Amma ba zai wuce nan ba sai alli ya yarda. In jakar ta fito da fari, ni da kaina zan cire tayar in ɓoye. Wannan na yi miki alkawari."

Da Yaya ya zo, ya zo da nasa sharaɗin. Ya ce ba ya so a ɗaure masa. A hanya kullum da yamma sai an sauke jaka, kullum da safe sai an mayar, kuma babu Baba a bakin tafki. In har sai wani ya ɗaure masa, gara ya yi zamansa a ɗaki. Baba ya dube shi daga inda yake tsaye a gaban keken, ya dubi hannun, ya ce ya ba shi lokaci.

Washegari na ɗaga kai daga kan zarena na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba ya sa Mai Faci ya ɗaure masa hannu ɗaya ta baya da maɗauri, ya durƙusa a gaban wani tsohon keke yana fama da jaka da hannu guda. Masu wucewa suna tsayawa suna tambaya ko lafiya, Mai Faci yana ce musu ɓarawo ya kama. In mai aiki ya zo, Baba zai sa a kwance shi ya yi masa da hannu biyu, don bai yarda ya yi gwaji da ran wani ba. In lokacin salla ya yi a kwance shi, in an idar a mayar. Na tsallaka na ce masa wannan wace irin azaba ce, ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina so in shiga ɗakin ne." Ya yi makonni a haka. Ya watsar da ƙarafan bel, ya sassaƙa 'yan katakai kamar yatsa waɗanda ake zurawa a zobe, ya sauya tsawon maɗaurai ya sake sauyawa, har ya kai yana ɗaure jaka da hannu ɗaya kafin ka gama gaisawa da shi.

Ranar gwaji Yaya ya zo da kekensa, ni ma na rufe shago na tsallako. Tun daga farko abin ya ƙi. Duk inda ya kai hannu, ɗan katakon yana kallon wani gefe. Ya ja wannan ɓangare wancan ya saki. Da ƙyar ya haɗa, jakar ta karkace. Baba ya goga alli, Yaya ya sauka lungu ya dawo, ƙasan jakar fari kamar an zuba gari. Aka kwance aka sake, haka. Aka kuma sakewa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, mutane sun fara taruwa. Da ya ga an taru sai ya miƙe, ya jingine keken a jikin rumfa, ya ce, "Na gode, Baba. A bar shi haka." Ya tafi gida da ƙafa. Da na koma na tarar ya ja labule, ya ce wa Inna a ba da keken ga duk mai so.

Abin da na roƙa ke nan, kuma na samu. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Mai Faci ya ce bayan kowa ya watse Baba ya daɗe a tsaye a gaban keken, taya a tsakanin gwiwoyinsa yadda ya saba, yana kallon kofin fatar nan. Can sai ya ce, "Zo ka hau nan ka riƙe." Mai Faci ya hau. Baba ya dubi kofin, ya dubi hannuwansa, ya ce, "Wane hannu kake ɗaure min?" Mai Faci ya ce, "Na hagu mana, shi kake miƙo min." Baba ya zauna a ƙasa.

Ranar ce ya fara tsallako titi zuwa shagona. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mai zare, ki gaya wa Dogo ba hannunsa ne ya gaza ba. Ni ne na ɗaure hannun da ba shi ba." Ban gane ba sai da ya yi min bayani. Tunda ya fara wannan aiki a gaban keke yake tsayawa yana fuskantar mahayi, daman mahayin tana hagunsa. Da ya dubi Yaya, hannun da babu yana ɓangaren hagunsa, sai ya miƙa hagu aka ɗaure. Duk makonnin nan da hannunsa na dama yake aiki, hannun da ya yi shekaru yana jan maɗauri. Ya ƙera komai don mai dama, ya miƙa wa mutumin da hagu kawai ta rage masa. Ya ce, "Zan sake daga farko."

Na isar da saƙon ta bayan labule. Labulen bai motsa ba.

Baba, a nan ne nake rasa abin faɗa. Kai ne ka kai shekarun da ake kawo maka ruwa kana zaune, ka koma ɗan koyo a gaban mutane, a bakin titi, a kan aikin da ka fi kowa iyawa. Na ga hagunka tana sakin ɗan katakon yana faɗawa ƙasa, kana lalubensa a cikin ƙura. Na ga maɗauri ya yanka maka yatsa ka naɗe da tsumma ka ci gaba. Babu wanda ya sa ka, wanda kake yi dominsa ma ya ce a bari. Ina zaune a cikin zarena ina kallonka, wallahi har tsoronka ya kama ni.

A zagaye na biyun nan ne ya gano abin da ya rage. Hagu ba ta da ƙarfin jan maɗauri ya ɗame, kuma ya hana kansa sa haƙori, yana cewa haƙori na cin abinci ne. Sai ya tuna cewa shi yana ɓoye hannun gaba ɗaya a baya, alhali Dogo yana da damtse, yana da gwiwar hannu, tafin ne kawai babu. Ya sa aka daina ɗaure shi ta baya, ya dunƙule hannun dama aka naɗe masa da tsumma da roba. Ya ɗinka maɗauri ɗaya dogo wanda ya ratsa ɓangarorin biyu, ya lanƙwasa bakinsa ya yi babban zobe. In ka zura dungun a zoben ka ja da nauyin jikinka, dama da hagu za su ɗame tare, jaka ba ta karkacewa. Aikin hagu kawai ta zura ɗan katako ta kulle.

Ba ni ce na dawo da Yaya ba. Inna ce, wadda ta fi kowa kuka. Ta fito za ta gaisuwar wata ƙawarta ta bi ta layinmu, ta tsaya a ƙofar shagona tana kallon tsallaken titi. Ta ga Baba durƙushe a ƙasa da hannu a naɗe. Gaisuwar ma ba ta je ba, gida ta koma ta yaye labulen nan da hannunta. Na biyo ta na ji tana cewa, "Tashi. Dattijo sa'an mahaifinka yana can durƙushe a ƙasa da hannu a naɗe saboda kai. Ko ba za ka yi tafiyar ba, tashi ka je ka kwance shi."

Ya je. Baba bai yi masa dogon bayani ba, ya ɗaure a gabansa, ya kwance, ya matsa gefe. Yaya ya sa tayar a tsakanin gwiwoyinsa, ya jera guntayen silifa, ya zura dungun a zobe ya ja. Na ji ƙarar maɗaurin yana ɗamewa daga inda nake. Ya kulle, ya ja na ukun zuwa wuyan keke, ya girgiza jakar ba ta motsa ba. Baba ya goga alli ya ƙara gogawa, har sai da Mai Faci ya ce ai ba fenti ake yi ba. Yaya ya sauka lungun da gudun da ya sa na rufe ido, muka ji kukan birki a kwari, sannan ga shi ya hauro.

Baba ya durƙusa ya leƙa ƙasan jakar. Ya daɗe yana leƙawa, ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa tampol. Sai ya shafa wurin da tafin hannunsa, ya miƙe, ya juyo wurina ya buɗe min tafin. Ya ce, "Mai zare, idonki ya fi nawa. Me kika gani?"

A nan na san idon ya tafi. A nan kuma na gane abin da ya sa a hannuna. Yaya yana ta ɗaya gefen, ba ya ganin tafin. In na ce akwai ɗan fari, Baba zai cire tayar kamar yadda ya yi alkawari, yayana ya kwana a gida, Inna ta yi barci. Baba ya san da haka sarai, ya san ni ce na zo na roƙe shi, kuma ni ɗin ya zaɓa ya tambaya ba Mai Faci ba. Na dubi tafin nan, baƙi wuluk, duk kanta da tabon maɗauri. Na dubi yayana yana haki, idonsa a buɗe irin yadda rabon da in gani tun kafin injin.

Na ce, "Babu komai, Baba."

Ya ce, "Kin duba da kyau?"

Na ce, "Na duba. Babu ko ɗigo."

Ya kakkaɓe hannu, ya karya allin gida biyu, ya sa rabi a aljihun Yaya. Ya ce masa, "Kullum da safe, kafin ka hau. Ba ka da lungu a can, amma ba za ka rasa rami ba."

Ba zan ce kwanakin tafiyar sun yi min daɗi ba. Na ba mutane zaren da ba shi suka tambaya ba, na yi wa Mai Faci masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Baba kuwa ko a jikinsa, sai dai na lura duk ƙararrawar keken da ta kaɗa daga bakin gari sai ya ɗaga kai.

Wata rana da hantsi Yaya ya dawo, ya yi baƙi ya rame yana dariya. Bai wuce gida ba, a rumfa ya tsaya, ya ciro abin da ya rage na allin, bai fi ƙwayar wake ba, ya sa wa Baba a hannu. Baba ya shafa ƙasan jakar ya ji tampol ɗin sumul babu inda taya ta ci. Sannan yatsunsa suka hau kan ɗaurin suna bi a hankali, suka zo wuyan keke suka tsaya.

Ya ce, "Wa ya ɗaure wannan?"

Yaya ya ce, "Ni ne, Baba."

"Ba haka na koya maka ba."

Yaya ya sosa kai ya ce ruwa ne ya dake shi a hanya, maɗaurin ƙasa ya jiƙe ya dinga saki, sai ya zagaya da shi ta bayan wuyan ya dawo da shi ta cikin babban zoben, yadda ja ɗaya zai ɗame duka ukun. Ya fara ba da haƙuri. Baba bai saurare shi ba, yana ta bin ɗaurin da yatsa, ya ja nan ya ja can. Sai ya laluba ƙusa ya ciro tsumman nan, ya dunƙule hannunsa na dama ya miƙa wa Mai Faci ya naɗe. Ya durƙusa kusa da yayana ya ce, "Kwance ka sake, a hankali. Koya min."

Mai Faci, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya juya baya ya hau neman wani abu a cikin akwatinsa. Ni ma na koma shago ba tare da na yi wa kowa sallama ba.

Baba Mai Alli, gwanin da bai gama koyo ba, na gode. Inna ta gode, ta ce in gaya maka ba ta da bakin da za ta faɗa da kanta. Duk wanda ya taɓa sauka lungun nan yana ƙunƙuni ya dawo gida da haƙoransa cikakku, shi ma ya gode ko bai faɗa ba. Allah ya ba ka lafiyar idon nan, ya sa ka huta a gidan 'yarka, ko da yake na san ba za a yi mako ba sai ka kwance duk wani ɗauri da ke gidan ka sake shi.

Ku kuma masu karatu, ba na ce kowa ya koyi ɗaure jaka ba. Amma kowannenmu yana da wanda yake so ya taimaka, kuma yawancinmu daga gaba muke tsayawa muna fuskantarsa. In za ku yi koyi da Baba, ku zagaya ku tsaya inda mutumin yake tsaye, ku ɗaure naku hannun, ku kuma duba da kyau wanne kuka ɗaure. In kun yi kuskure, ku tsallaka titi ku faɗa da bakinku, ku sake daga farko.

Rumfar ba za ta zauna a rufe ba, Yaya ya riga ya fara zama a wurin da safe, kuma allin bai saba da kunnensa ba tukuna, yana ta faɗowa. Jiya ya tsallako shagona da ƙunshin kaya a hammata ya ajiye a kan tebur. Rigunansa ne da wandunansa. Ya ce in cire zif ɗin da robar, in mayar masa da maɓallansa da mazaginsa.